Zama 8 wajen mai tausar likita a Yamai: abin da wuyana ya gani

Ni tela ce, shekara 17 ke nan ina bisa keken ɗinki. Asalina Tawa, aure ya kawo ni Yamai, shagona yana Harobanda. Duk wanda ya san sana'armu ya san goman ƙarshe na azumi: shadda da atamfa tuli guda, kowace mace tana son nata kafin daren salla, tela ba ta ɗaga kai daga allura sai sahur. A azumin da ya wuce ne wuyana ya ƙi. Da tsami ya fara a kafaɗar dama, har ya kai in zan waiwaya sai na juyo da jikina duka. Ga ciwon kai da ke tasowa daga ƙeya, ya bi bayan kunne, ya tsaya a gefen ido.

Ba abin da ban yi ba. Man zafi, gashi da ruwan ɗumi, ƙaho sau 2, sannan diclofenac da nake saye wajen masu tallar magani a faranti. Sati 3 ina sha, sai cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono. Lokotoro ya ce in bar shi nan take, don yana cin bangon ciki, yana kuma wahalar da ƙoda, balle ga mai azumi cikin zafin Yamai da jiki ba ruwa. Aka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi na asibiti, ƙashi lafiya lau. Ya ce radiyo ƙashi take nunawa, tsoka ba ta fita a ciki, ni kuwa matsalata a tsoka take. Ya rubuta mini takardar zama 10 wajen kine, wato masu gyaran jiki da tausa da motsa gaɓoɓi. Na nemi inda mace ke yi, na samu a wani ɗan kilinik ƙetaren kogi.

Na tafi da zaton ina zuwa za a ce in kwanta. Madam ɗin ta fi minti 20 tana tambayata, ba ta ko taɓa ni ba. "Yaya, ciwon yana sauka har yatsu? Hannun yana mutuwa? Almakashi ya taɓa suɓuce miki ba ki sani ba? Kin faɗi? Akwai zazzaɓi? Kina shan maganin tsinka jini?" Na ce mata duk a'a, amma mene ne amfanin wannan duka? Ta ce da na amsa e ga wasu, da wajen lokotoro za ta mai da ni, don mutuwar hannu ko rashin ƙarfinsa kan nuna jijiya ce aka danne a wuya. Ta ƙara da wata magana da ta tsaya mini a rai: ƙafar da sha-raɓarta ta kumbura gefe guda, tana zafi, ba a tausa ta ko kaɗan, don mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza sai gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Masu jego sun fi shiga wannan hatsarin. Na tuna yadda tsofaffinmu a Adar ke kama ƙafar mai jego su murje da man kaɗanya, da kyakkyawar niyya. Daren nan sai da na kira ƙanwata da ke da tsohon ciki na gaya mata.

Sai ta sa babban yatsa tana bin saman kafaɗata a hankali, kamar mai neman tsakuwa cikin gero. Tsakanin wuya da kan kafaɗa ta tsaya bisa wani ƙulli da bai wuce ƙwallon dabino ba, ta danna. Wallahi ciwon kan nan nawa, shi ɗin dai, ya taso ya bi bayan kunne ya zo gefen ido. Na ce, "Madam, shi ne!" Wata 2 ina shafa magani a goshi, ashe tushen abin yana kafaɗa. Ta nuna mini hoton tsokar a bango, sunanta tarafez, ta taso daga ƙeya ta bazu bisa kafaɗu ta gangara tsakiyar baya. Kan babban mutum ya kai kilo 5, in ya sunkuya gaba yini guda, wannan tsokar da ƴan'uwanta na bayan wuya ke riƙe da shi ba hutu. Da ta ji ta Gadar Kennedy nake ƙetarowa, ta ce ai mai sunan gadar ma, tsohon shugaban Amurka John Kennedy, ciwon baya ya sha, kuma matar da ta zama likitarsa a fadar shugaban Amurka a 1961, Janet Travell, ita ce ta yi suna wajen binciken irin waɗannan ƙulle-ƙullen tsoka da ke aika ciwo nesa da inda suke.

Kowane zama minti 40 ne ko kusa da haka. Za ta haska mini jar fitila mai ɗumi minti 10, ta shafa mai, ta fara da shafa mai tsawo da tafin hannu har jiki ya saki, sannan ta kama tsokar tana murzawa kamar mai kwaɓin fulawa. Daga nan ta danne ƙullin ta riƙe kusan minti guda, tana cewa in auna mata zafin daga 1 zuwa 10, in ya wuce 7 ta sassauta. Wannan ya burge ni ƙwarai, don mu mun saba tausar da ba ta sa mutum ihu ba, ba ta shiga ba. Zafin yakan narke ƙarƙashin yatsanta tun ba ta ɗaga ba. Washegarin zaman farko na tashi kamar wadda ta yini daka, ta riga ta gaya mini haka za a yi, kwana 2 ya wuce. Zama na 3 na waiwaya da wuyana kaɗai na tsai da taksi. Barci ma ya dawo.

Amma sai in faɗi gaskiya don kada wata ta kai kuɗinta da dogon buri. Ina komawa keke sosai, cikin kwana 4 ciwon ya dawo kusan yadda yake. Na je zama na 4 raina a ɓace. Ta ce in sa ɗiyata ta ɗauke ni hoto ta gefe ina ɗinki. Da muka duba a waya, ni kaina na tsorata: kujera ƴar guntuwa ba majingina, haɓa ta miƙe gaba, kafaɗar dama ta ɗage har kusan kunne, ƙwan fitila kuma yana bayana, inuwata na rufe allura. Ta ce, "Yaya, abin da na kwance a minti 40, ke kina ɗaure shi awa 10." Na sa kafinta ya yi mini kujera mai majingina daidai tsayin teburin, na maido fitila gaba. Ta koya mini jan haɓa baya, da matse allunan kafaɗa sau 10, da karkatar da kai gefe a riƙe daƙiƙa 30. Na haɗa su da lokutan salla don kada in manta. Daga nan ne sauƙin ya zauna. Tausar ce ta buɗe mini wuya har na iya motsin, shi kuma motsin ya hana ciwon dawowa.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Ba sa riƙe lokaci, an ce ƙarfe 9, sai 10 da rabi, ga shago a rufe. Sau 2 kuran ya ɗauke, ba janareto, aka yi ba fitila amma kuɗin bai ragu ba. Labulen da ke raba gadajen siriri ne, kana jin bayanin ciwon maƙwabciyarka, wannan bai dace ba. Ranar da Madam ba ta nan kuma wata ƴar koyo ta karɓe ni, hannu guda bisa kafaɗata, ɗayan bisa waya, ba ta tambaye ni ko sau ɗaya ina ke zafi ba. Na gaya wa Madam, ta ba ni haƙuri, ba a sake haɗa ni da ita ba.

Jika 5 nake biya kowane zama, ban da taksi zuwa da dawowa. Ga tela wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa na tsaya a 8. Duk da haka ban yi da-na-sani ba, kuma zan tura duk ƴar'uwa mai ɗinki ko kitso ko mai zaman biro da ke fama da irin nawa, da sharaɗin ta fara ganin lokotoro, ta kuma nemi mai takardar aikin kine. Zama 2 da suka rage na aje su, na riga na gaya wa Madam zan zo sati guda kafin sallar layya, in ɗinki ya taru.