Katin e1000 ko virtio: wanne zai hana baƙon VM sandarewa?

Ɗan'uwa, ka ce Ubuntu ɗin da kake gudanarwa a cikin VirtualBox a matsayin baƙo (VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke aiki a cikin kwamfutarka ta gaske, mai masauki) tana sandarewa duk sanda kake kwafar manyan fayiloli, kuma dmesg, umarnin da ke fito da saƙonnin tsarin Linux, na nuna "Detected Tx Unit Hang". Kana son sanin ko ka lallaɓa katin sadarwar (network card) da VM ɗin ke da shi ne, ko ka sauya shi da virtio.

Katin da kake da shi, Intel PRO/1000 MT Desktop, kwaikwayon guntun 82540EM ne. Babu ƙarfe a wurin, manhaja ce ke yin kamar shi. Direban e1000 na cikin baƙo, wato manhajar da ke sarrafa katin, bai san da haka ba, yana ta rubutu a rijistocin katin kamar na gaske, kuma kowane rubutu sai mai masauki ya dakatar da baƙo, ya duba abin da ake nema, sannan ya sake shi. Idan zirga-zirga ta yi yawa, jinkiri ya taru. Saƙon da ka gani ma'anarsa direba ya miƙa bayanai, bai sami labarin an aika su a kan lokaci ba, shi ya sa ya sake tayar da katin.

Idan za ka zauna a kan e1000, abin da aka fi gwadawa shi ne kashe aikin yanka fakiti da direba ke ɗora wa katin: ethtool -K enp0s3 tso off gso off, ka sa sunan katinka a gurbin enp0s3. Sau da yawa yana kwantar da matsalar. Amma aikin zai koma kan firosesa, kuma saitin yana ɓacewa da zarar ka sake kunna baƙon, sai in ka rubuta shi cikin abin da ke tashi tare da tsarin. Ni a wurina faci ne.

Virtio kuwa ba ya kwaikwayon kowa. Direbansa ya san a VM yake, don haka shi da mai masauki suna ajiye wa juna fakiti a layukan ƙwaƙwalwar da suka yi tarayya a kai, dakatarwar ta ragu ƙwarai. Linux daga kanel 2.6.25 na 2008 zuwa sama tana ɗauke da direban, ba abin da za ka sauko da shi. Kashe baƙon gaba ɗaya, ka buga VBoxManage modifyvm "sunan VM" --nictype1 virtio, ko ka zaɓi Paravirtualized Network a saitin katin.

Inda e1000 ya fi shi a Windows ne, domin ba ta zuwa da direban virtio. Sai ka fara sauko da virtio-win, kunshin direbobin virtio na Windows, kafin sauyin, in ba haka ba ka tashi babu intanet ɗin da za ka nemo shi. Windows kuma za ta ɗauke shi sabon kati, tsayayyen adireshin IP zai maƙale a kan tsohon, sai ka sake shigar da shi. Masu VMware, takwaran virtio a wurinku VMXNET3 ne, yana zuwa da VMware Tools. PCnet-FAST III a bar wa tsofaffin tsare-tsare irin su XP.

Tunda Ubuntu ce, koma virtio kai tsaye. Idan ta sake sandarewa bayan haka, cire katin baki ɗaya daga saitin ka yi kwafa mai nauyi a cikin baƙon. Ta sake tsayawa, to ka duba faifai da yawan RAM ɗin da ya rage wa mai masauki.