A Bar Rata Ko a Matse Amfilifaya?

Masu kayan sauti sun daɗe suna gardama kan jera amfilifaya, wato injin ƙara ƙarfin sauti, a akwati. Barin rata tsakaninsu daidai ne idan injin ba shi da fanka, domin zafinsa sama yake tashi, dole ya sami hanya.

Mai fanka kuwa, wanda ke zuƙo iska ta gaba ya fesar ta baya, rata cutarsa take yi. Iskar da ya fitar da zafinta ita ce ke zagayowa ta ratar, ya sake shaƙa, har ya ɗauke ana tsakar wasa. Irinsa gara a matse su, a toshe guraben da suka rage, a buɗe bayan akwatin. Wasu kuma ta baya suke zuƙa. Kada a haɗa su wuri ɗaya da masu zuƙa ta gaba.