Farantin Kibod: Na Ƙarfe Ko Na Alminiyam?

Masu haɗa kibod da hannunsu sun yi ta tambayata: wane faranti za su sa, na ƙarfe ko na alminiyam? Farantin shi ne shimfiɗar da ke riƙe da maɓallai, kaurinsa milimita 1.5 a maɓallan MX, wato nau'in maɓallan da aka fi sakawa a irin wannan kibod.

Nauyi da tauri ne suka fi raba su. Ƙarfe ya kusa ninka alminiyam sau uku a duka biyun. Kibod mai farantin ƙarfe zama take daram a kan tebur, amma in ka danna har ƙasa, yatsa na dukan abu mai tauri, kuma wani lokacin wata siririyar ƙara kan biyo baya. Alminiyam yana ɗan sassautawa, sautinsa ya fi tsabta, yatsu ba sa saurin gajiya. A ganina, mai wuni yana rubutu ya fara duba nan.

Wajen kuɗi, ƙarfe ya fi araha, shi ya sa ya cika kibod ɗin kamfani.

Ƙarfen da ba a yi wa rufi ba yana tsatsa da damina, sai dai nau'in da ba ya yi. Alminiyam ba ruwansa da tsatsa, ana ma rina shi launi-launi, amma yana da laushi: garin ciro maɓalli sai ka karce shi ko ka lanƙwasa gefen ramin da maɓallin ke zama a ciki.

Mai son nauyi da rangwamen kuɗi, ƙarfe ya dace da shi. Mai haɗin farko, ko mai dogon rubutu, ya ɗauki alminiyam.