Furen kama-ƙuda na Amurka: wanne za ka saya, kuma iri ko dashe?

Duk wanda ya samu gida mai ɗan fili a jihar Ohayo ko Mizuri ko Merilan a Amurka, yana neman jan fure da zai riƙa dawowa kowace shekara ba sai an sake shukawa ba, ba zai daɗe ba wani zai ce masa ya nemi kama-ƙuda. Masu sayarwa suna rubuta catchfly a jikin takarda. Matsalar ita ce tsirrai da yawa ne ke amsa wannan suna, wasunsu ma ba 'yan ƙasar ba ne, daga Turai aka kawo su. Saboda haka kafin ka ciro kuɗi, duba sunan kimiyya da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Galibinsu suna farawa da Silene, kalma ta biyu ce ke gaya maka abin da ke hannunka.

In ka taɓa gindin furen da yatsa, wurin nan mai kama da ɗan bututu kore inda ganyen furen ke fitowa, za ka ji ɗanko. Ka matso da ido, za ka ga ƙananan gashi, kowanne da ɗigo a bakinsa, sau da yawa kuma da ƙwaro ɗaya ko biyu maƙale. Ba cin su tsiron yake yi ba. Shinge ne ya kafa wa kiyashi da sauran masu rarrafe da ke zuwa shan zaƙin fure ba tare da sun kai masa garin barbara ko'ina ba. Baƙon da jajayen cikinsu ke jira shi ne hummingbird, ɗan tsuntsu mai jan wuya da ke tsayawa cak a iska yana zura dogon baki cikin fure, wanda a nahiyar Amurka kaɗai ake samun danginsa.

Biyu ne jajayen da mutane suka fi ruɗewa a kansu, kuma a nan ne kuɗi ke salwanta.

Na farko Silene regia, wanda ake sayarwa da sunan royal catchfly. Ɗan fili ne, ɗan rana. Yana kai santimita 90 zuwa 120, yana fure a Yuli da Agusta, lokacin da furannin bazara suka riga suka gama. Jansa irin na garwashi ne, kana hango shi daga bakin titi. Asalinsa filayen doguwar ciyawa na tsakiyar Amurka, waɗanda garma ta cinye kusan duka. Jihar Ilinoi kaɗai ta taɓa samun irin wannan fili kimanin eka miliyan 22, abin da ya rage yau ko kashi ɗaya cikin dubu bai kai ba. Shi ya sa furen ya shiga jerin tsirran da ake fargabar ɓacewarsu a jihohi da dama, har da Ilinoi da Kentaki. A gundumar Madison ta Ohayo, yamma da Kolumbus, akwai wata tsohuwar maƙabarta mai suna Bigelow, kimanin rabin eka, gonaki sun kewaye ta ta ko'ina. Da yake ba a noma maƙabarta, ciyawar asali ta tsira a tsakanin kaburbura, wannan fure na ciki, har jihar ta mayar da wurin yankin kariya a 1978. Wanda ke kusa ya je a ƙarshen Yuli ya gani da idonsa kafin ya saya, ya fi duk wani hoto da mai talla zai nuna masa.

Abin da ya sa na fi ba da shawararsa shi ne tsawon rai. Yana da doguwar saiwa guda kamar ta karas, in ta kama ƙasa sai ya shekara da shekaru a wuri ɗaya, kowace shekara yana ƙara kara. Fari ba ya damunsa bayan shekarar farko. Yana iya zama a ƙasar da ke da ɗan yumɓu muddin ruwa ba ya kwanciya. Aibinsa biyu: in ka ba shi taki da yawa ko ka sa shi a inuwa, sai ya yi tsawo ya kwanta, kuma ba ya son a tashe shi. Inda ka dasa shi nan ne gidansa. Masu shuka shi sukan haɗa shi da gajerun ciyayin fili na asali, su tallafe shi ta gefe.

Na biyu Silene virginica, fire pink a bakin masu sayarwa. Shi ɗan gefen kurmi ne da gangaren duwatsu na gabashin Amurka. Gajere ne, santimita 30 zuwa 50, yana fure da wuri, daga Afrilu zuwa Yuni gwargwadon jiha. Yadda za ka bambanta su a hoto: kowane ganyen furen virginica yana da tsaga a baki, na regia kuwa bakinsa kusan a haɗe yake. In ana maganar kyau zalla, ni a wurina virginica ya fi. Amma kada mai sayarwa ya ɓoye maka cewa ba ya daɗewa. Shekara biyu, uku, wani lokaci huɗu, sai ka nemi gindin ka rasa. A daji ba ya ƙarewa ne saboda yana zubar da iri a kan ƙasa tsirara, 'ya'ya su gaji uwa. A lambun gida kuwa, inda aka saba lulluɓe ko'ina da ɓawon itace mai kauri, irin yana faɗawa ne inda ba zai taɓa ƙasa ba. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa an sayar masa da fure mai dawowa amma bai dawo ba. Wanda ya zaɓe shi ya bar tazarar tafin hannu biyu ko uku kewaye da gindin babu lulluɓi, ya zuba 'yar tsakuwa, kuma kada ya yanke furen da ya bushe har sai kwanson irin ya buɗe baki.

Ruwa ne ke kashe shi, ba sanyi ba. Gindin da ya kwana cikin laka a hunturu ruɓewa yake. In bayan gidanka ruwan sama yana kwana a ƙasa, ko dai ka ɗaga kunya ka haɗa da tsakuwa da rairayi, ko ka haƙura da shi.

Akwai wasu biyu da ba ja ba. Silene caroliniana ɗan ƙarami ne, ba ya wuce santimita 30, furensa ruwan hoda, yana buɗewa a Afrilu da Mayu, ya dace da bakin hanya ko tsakanin duwatsu inda ƙasa jigawa ce. Silene stellata fari ne mai baza a baki, ganyensa huɗu-huɗu kewaye da kara, ya fi kowa haƙuri da inuwa, kuma ƙwarin dare ne ke yi masa barbara. Wanda itatuwa suka rufe masa fili shi ya kamata ya nema, ko da yake ba zai ba shi jan da yake so ba. Mazauna Kalifoniya da kudu maso yamma nasu daban ne, Silene laciniata, su bar na gabas ga mutanen gabas.

Yanzu ga tarkon. Akwai fakitin gaurayen irin furen daji mai arha da ake jibgewa a manyan kantuna. Juya bayansa ka karanta. Kama-ƙudan da ke ciki galibi Silene armeria ne, ɗan Turai, furensa hoda mai haske, kuma shekara ɗaya ko biyu yake yi. Ba mummuna ba ne, amma ba shi ka je nema ba. Haka Silene latifolia da Silene vulgaris, fararen nan da suka bazu a gefen hanyoyin Amurka, baƙi ne da manoma ke ɗauka a matsayin ciyawa. Takardar da ba ta ɗauke da cikakken sunan kimiyya, ajiye ta.

Bayan ka tsai da wanda kake so, sai tambaya ta biyu: iri za ka saya, ko ƙananan dashe, ko babba a tukunya?

Iri ya fi komai arha, fakiti ɗaya na 'yan daloli zai ba ka fiye da abin da filinka zai ɗauka. Sai dai ba ya tsira yadda ake so sai ya sha sanyi da laima tukuna. Hanya mafi sauƙi ita ce ka watsa shi a ƙarshen kaka, wajen Nuwamba, ka danna da tafin hannu kada ka binne, ka bar dusar ƙanƙara ta yi aikinta. In lokaci ya wuce maka, sai ka yi masa hunturun ƙarya: ka jiƙa ɗan rairayi mai tsabta, ka matse har ya daina ɗiga, ka gauraya da irin, ka ƙulle a leda, ka rubuta kwanan wata, ka sa a firji wurin kayan miya, ba wurin ƙanƙara ba, kwana 30 zuwa 60. Ƙwayoyin ƙanana ne masu duhu, da ƙyar ake ganinsu cikin rairayi, don haka da rairayin duka ake shukawa. A shekarar farko ganye kawai za ka gani, kwance a ƙasa, tsiron yana can yana gina saiwa. Fure sai shekara ta biyu, wani lokaci ta uku. Hatsarin shekarar farko shi ne mai gida da kansa, ko wanda ya taya shi cire ciyawa, ya tuge shi bai sani ba. Kafa ɗan tsinke a wurin.

Babba a tukunya shi ya fi jan ido a kanti, da furensa a buɗe, shi ne kuma mafi tsada. Ga regia ban cika son sa ba, domin doguwar saiwar tana iya kai ƙasan tukunya ta naɗe. Kafin ka biya, roƙi mai wurin ya zare maka ɗaya. Saiwa fara ko ruwan madara mai ƙarfi ita ake so. In ta zama ƙawanya tana zagaye gindin tukunya, ko ta yi baƙi tana wari, bar musu kayansu.

Tsaka-tsakin shi ne ƙananan dashe da ake reno a dogayen ramukan faranti, tsawon yatsa ko ɗan fi. Su nake ganin sun fi dacewa da yawancin mutane. Kuɗin babba ɗaya zai iya saya maka da yawa, saiwarsu ba ta lanƙwashe ba, kuma sukan yi fure shekara mai zuwa. Kada ka sayi ɗaya tak. Uku zuwa biyar, tazarar santimita 30 zuwa 45, sun fi jan tsuntsu, sun kuma fi ba da iri mai kyau. A dasa a bazara bayan sanyi ya wuce, ko farkon kaka, a riƙa ba su ruwa har su kama, daga nan a sassauta. Zomo da barewa suna cin ƙananan, ɗan kejin waya a shekarar farko yana hana baƙin ciki.

Inda za ka saya ma abin dubawa ne. Akwai gidajen reno da sana'arsu kenan, kamar Prairie Moon Nursery a Minesota da Prairie Nursery a Wiskonsin da Missouri Wildflowers Nursery, suna aikawa ta gidan waya. Ƙungiyoyin masu kishin tsirran asali, irin su Wild Ones, sukan yi kasuwar dashe a Afrilu da Mayu, kuma a nan ne za ka fi samun wanda aka reno daga irin yankinku. Yi tambaya biyu: daga iri aka reno shi ko daga daji aka tono, kuma an sa masa maganin ƙwari mai shiga jikin tsiro? Wanda aka tono daga daji, ban da cewa doka ta hana a wuraren kariya, yawanci an datse masa saiwa, ba ya rayuwa. Akwai kuma zaɓaɓɓen nau'in regia mai suna Prairie Fire, furensa ya fi girma. Don ado ba laifi, amma mai son ya tara iri ya yaɗa gara ya ɗauki na asali.

Sai ka duba taswirar yankunan sanyi ta ma'aikatar noma ta Amurka, wadda aka sabunta a 2023, ka sa lambar unguwarku. Jajayen biyu sun fi zama lafiya daga yanki na 5 zuwa na 8, virginica yana jure har na 4. Mai tunanin ya kai tsarabar irin Kano ko Damagaram kuwa ya ajiye kuɗinsa: sanyin hunturunmu bai kai wanda irin ke buƙata ba, tsuntsun da ke masa barbara babu shi a Afirka, kuma shiga da iri wata ƙasa sai da takardar hukumar kula da lafiyar tsirrai.