Ƙaramin kwikwiyo ko babban cikinsu?

Malam, ka tambaya wanne za ka ɗauka a cikin 'yan kwikwiyon, ƙaramin ko babban. Tunda gadin gida za su yi maka kuma uwarsu ɗaya, ɗauki ƙaramin. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama ƙaranta ce kawai, ba ciwo ba.

Karyar da ke gidana yanzu ita ce 'yar tsurut a cikin 'yan'uwanta, kowa ya zo zaɓe sai ya tsallake ta. Idan uwar ta kwanta, manyan ne ke danne nonuwan baya, waɗanda suka fi ruwa, ita kuwa sai ta ƙare a na gaba tana tsotsar abin da ya samu. Abin da ke ƙara tsumburar da irinsu ke nan. Da ta samu kwanonta ita kaɗai, babu mai ture ta, sai jiki ya fara murjewa, kafin ta shekara ta kusa kamo 'yar'uwarta da ke maƙwabta. Har yau dai da sauri take cin abinci tana waige-waige, wannan halin bai bar ta ba. Amma da yake a hannu ta tashi, ta san kowa a gidan, yara na wucewa ta gabanta ko kai ba ta ɗagawa. Baƙo kuwa ya taɓa ƙyauren da dare, unguwa duk sai ta ji.

Babban, na taɓa riƙe irinsa. Yana da kwarjini, ban hana shi ba. Sai ci kamar gara da taurin kai.

Kafin ka biya, ɗaga leɓen ƙaramin ka dubi dasashinsa. Ja-ja ake so. In ya yi fari fat kuma ciki ya kumbura, yawanci tsutsa ce ke shan jininsa. Tsaya ka ga yana shan nono: in yana dawowa ta hanci, wataƙila ganɗarsa a tsage take, bar musu abinsu. Haka wanda ke kwanciya gefe shi kaɗai, jiki sanyi, yana kuka ba ƙaƙƙautawa. Lafiyayye komai ƙanƙantarsa yana kutsawa cikin 'yan'uwansa, kuma nauyinsa na ninkawa cikin kwana 10 zuwa 14 na farko.

Ka kula da masu sayarwa, musamman na bakin titi da na Facebook. Wasu sukan ɗauko ɗan sati 4 daga wata uwa daban su cusa cikin manya, su ce maka ai ƙaramin cikinsu ne. Wasu kuma katin rigakafi na bogi za su miƙo maka, da hatimi da komai. Ka ce sai ka ga uwar da idonka tana shayar da shi, kuma kada ka raba su kafin sati 8, ko da an ce za a rage maka kuɗi.

Ranar da ka ɗauko shi, wuce asibitin dabbobi a ba shi maganin tsutsa, a duba kaska da ƙuma. Rigakafin parvo, ciwon nan mai sa amai da zawon jini, ana fara shi tun sati 6 zuwa 8, kuma sai an maimaita. Na haukan kare kuma ana yi masa da ya cika wata 3, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos ma tana haɗa allurar. Kafin a gama masa, kada ya fita waje ya cuɗanya da karnukan unguwa.