Gargaɗi ga masu neman gidan farko a Sakkwato: makullinsa ya buɗe ƙofa, amma gidan ba nasa ba ne

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato. Na daɗe da maganar nan a ciki, kunya ta hana ni fito da ita. Mutum mai shekara 44, wanda aikinsa koyar da 'ya'yan mutane lissafi, a ce an zaunar da shi an raba shi da naira miliyan 7 yana murmushi har yana godiya, ba labari ne mai daɗin bayarwa ba. Amma ranar Juma'ar da ta wuce na sake ganin hoton gidan da aka cuce ni da shi yana yawo a WhatsApp, da sabuwar lambar waya, an ma canja masa unguwa. Ke nan mutanen suna nan suna aiki. In na ci gaba da yin shiru, wanda za su kama gobe yana da haƙƙi a kaina.

Shekara 11 ina haya a Mabera, ciki biyu da falo, ni da maiɗakina da yara biyar. Wanda ya yi zaman haya ya san yadda gaba ke faɗuwa in shekara ta kusa zagayowa. Na yi adashi a makaranta, na ci bashin ƙungiyarmu ta ma'aikata ana cira a albashi, na sayar da kasona na gonar gado a ƙauye. Maiɗakina ta kawo sarƙa da 'yan kunnenta na zinari, na aurenta, ta ce a haɗa. Haka kuɗin suka taru.

Kun san yadda harkar gini ta tsaya bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10, alhali ga masana'antarsa nan Kalambaina muna hangen ta. Kangaye suka cika gari, a kai linta a tsaya, wasu ko bulon da suka buga sai da suka sayar. Yanzu kuwa kasuwa ta fara motsi. Ana rufa kwano, ana ciniki, ga 'yan'uwanmu na Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo da 'yan bindiga suka taso, duk mai ɗan hali a cikinsu muhalli yake nema a birni. Kuɗin haya na hawa. Duk dillalin da ka tara da shi, abu ɗaya zai ce maka: in ba ka saya bana ba, baɗi sai dai ka gani a hannun wani. Akwai gaskiya a maganar, kuma da wannan gaskiyar ake yanka mutane. Ni ma da ita aka yanka ni.

Hoton gidan wani abokin aikina ya turo min, shi ma turo masa aka yi. Na kira lambar, dillali ya ɗauka, muka yi alƙawari bayan La'asar. Ba zan faɗi layin ba saboda masu gidan na gaskiya, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Gida ne ciki uku da falo, an sa tayil, ga rijiya a tsakar gida mai ruwa ko da bazara, ga dogonyaro a ƙofar gida ya yi inuwa. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ya san darajar waɗannan biyun. Muna tsaye sai ga wanda aka kira mai gida, fes da shi cikin shadda, da carbi a hannu. Ya zaro makulli daga aljihu ya buɗe. Wani dattijo da ke zaune kan tabarma a ƙofar gidan da ke kallon wannan ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, an zaka?" Ya amsa, suka gaisa har da tambayar iyali.

Wannan gaisuwar ita ta kashe ni. Na ce a raina, mutumin da maƙwabta suka sani da suna, ga makulli a aljihunsa, ya san inda makunnin kowace fitila yake, me ya rage?

Ya ce min, "Malam, wanga gida tsoho yab bar muna, anka yi rabo yaf faɗo gare ni. Ba don lalurar tsohuwa ba, da za a kai Masar asibiti, ko miliyan 20 anka aza min ba ni saida shi." Ya sa miliyan 14, na taya 10, aka yi ta albarka, dillali na shiga tsakani, har ya sallama a 11 da rabi. Ban gama murna ba dillalin ya ja ni gefe. "Yallaɓai, akwai wani ɗan kasuwa na Illela da ka zuwa gobe da kuɗɗi hannu. In kana so, aza kafin alƙalami yau." A daren na tura miliyan 2.

Kada a ce ban yi bincike ba. Na yi, sai dai duk hanyar da na bi su suka shimfiɗa min ita. Na nemi takarda, aka ba ni hoton takardar mallaka, da sunan marigayi mahaifinsa, aka ce ta asalin tana Kaduna wurin babban wansu, za a aiko da ita a mota. Na ce a je wurin mai unguwa, aka ce ya tafi Umara, amma ga wakilinsa, wani mai rawani ya zo da hatimi ya buga. Na ce ina son a duba fayil a ofishin filaye, dillalin ya ce yana da mutum a can. Muka je, muka tsaya waje ƙarƙashin itace inda ake ajiye babura, wani ya fito daga wajen ƙofa da katin aiki rataye a wuya da fayil a hammata. Ya buɗe, ya nuna min lamba ta yi daidai da ta takardata, ya ce gida lafiya lau, ya karɓi dubu 50 kuɗin bincike. Ƙafata ba ta taka cikin ofishin ba. Daga baya da na shiga da kaina, babu wanda ya san shi, ba ma'aikacin wurin ba ne, a bakin ƙofa kawai yake farauta.

Ranar rubuta takardar ciniki Alhajin ya zo da mutum biyu ya ce ƙannensa ne, suka sa hannu a matsayin shaidu. Na ƙara miliyan 5, aka ce cikon sai takardar asali ta iso. Asusu biyu ya ba ni, ɗaya da sunansa, ɗaya da wani suna daban, wai na yaron shagonsa ne. Na ga sunan ya bambanta, gabana ya ɗan faɗi, na danne. Wani lauya da muke salla masallaci ɗaya ya taɓa ce min in zo ya duba min takardu kafin in biya. Na yi lissafin abin da zan ba shi, na ga gara in sayi fenti da kuɗin.

Kwana tara bayan haka, ranar Asabar, na ɗauki mai fenti a bayan babur muka tafi ya auna bango, da makullin da aka ba ni. Na tarar da ƙofa a buɗe. A falo ga wani bawan Allah riƙe da bakin tef, matarsa riƙe da ɗaya bakin, suna auna taga za a ɗinka labule. Na yi sallama ya amsa, muka tsaya kallon juna. Ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, gidana na zo dubawa. Matar ta saki tef ɗin, tef ɗin ya nannaɗe ya koma cikin kwansonsa da ƙara. Mijin ya zaro takarda daga aljihu, na zaro tawa. Rubutu ɗaya, shaidu ɗaya, hatimi ɗaya, kwanan wata kawai ya bambanta. Shi miliyan 6 ya bayar, kuɗin sallamarsa daga aiki bayan shekara 35.

Muka fita wurin dattijon nan mai tabarma. Ya saurare mu har ƙarshe, ya yi salati, ya ce, "Ɗiyana, ai da kun tambaye ni. Ina ganin ku kuna shiga da hita, na aza 'yan haya na. Wanga gida ba a raba shi ba." Sau huɗu ina gaishe da dattijon nan, ban taɓa ce masa, Baba, gidan wa ne wannan ba.

Ga yadda abin yake. Alhajin ɗan gidan ne da gaske, ba a nan ya yi ƙarya ba. Mahaifinsu ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya takwas. Babban yana Kaduna, wani yana Abuja, matan suna gidajen aurensu, shi kaɗai ne namiji a gari, aka bar masa makulli ya riƙa dubawa. Ba a je kotu ba, ba a kira malami ya raba ba. Tsohuwar da aka ce za a kai Masar tana nan ƙalau wurin 'yarta, tana da tumuninta a gidan, ba ta san ana ciniki ba. Ƙannen da suka yi shaida ba su haɗa ko kaka da shi ba. Mai unguwa kuwa yana gidansa, bai je ko Kware ba balle Umara, kuma bai wakilta kowa ba. Kafin mako ya cika mutum na uku ya ɓullo, wata malamar asibiti, ita miliyan 3 ta bayar. Wayar Alhaji a kashe, ta dillali a kashe. Kuɗin an kwashe su kaɗan-kaɗan a wurin masu POS.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san hukuncin tun ina makarantar allo. Ba a sayar da abin da ba a mallaka ba, kuma gidan gado kafin rabo na magada ne gaba ɗaya, har jaririn da ke goye. Ɗaya daga ciki ba ya sallama shi shi kaɗai, ko shi ne babba, ko shi ke riƙe da makulli. Ta ɓangaren gwamnati ma haka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, takardar mallaka izinin zama ce, galibi na shekara 99, kuma ba ta komawa sunan wani sai da amincewar gwamna. Takardar da ke ɗauke da sunan mamaci, hotonta ma ba ita kanta ba, ba ta ba ni komai. Da na shiga cikin ofishin filaye aka duba min, lambar fayil ɗin gaskiya ce, sunan marigayin ne, ba a taɓa neman canja shi ba.

Don haka duk wanda aka ce masa gida na gado ne, ya nemi takardar rabon gado ta kotu, ya je kotun da ƙafarsa ya tabbatar daga can ta fito. In ba a raba ba, ya ce a tara masa magada, har matan, musamman matan, domin su ake yawan ɓoyewa. Wanda ke nesa a kira shi a waya, lambar kuma a samo ta daga maƙwabta, kada a karɓa daga mai sayarwa. Binciken fayil a cikin ofis ake yin sa, a Ma'aikatar Filaye da Gidaje ko hukumar SOGIS mai adana bayanan filayen jiha, a kan tebur, a biya a karɓi rasit. Wanda ya tare ka a ƙofa ya ce zai sauƙaƙa maka, wuce shi. Gidan mai unguwa ba ɓoyayye ba ne, yaro ma zai nuna maka. Kuma kuɗi su tafi asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda.

Masu neman fili su ma su buɗe ido, tunda da yawa in gida ya gagara fuloti ake komawa. A bakin gari, wajen Wamakko, Dange-Shuni da Kware, gonaki ake yankawa awon igiya, kuma fegi ɗaya kan shiga hannu biyu. A tambayi hukumar tsara birane ko wurin hanya ce ko filin makaranta a taswira. Wanda ke kusa da fadamar Rima a je a gan shi da damina. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba sai an yi masa bayani ba. Akwai kuma masu sayar da fom a waya da sunan asusun gidaje na ƙasa, NHF. Asusun na gaskiya ne, tun 1992 yake, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya ke riƙe da shi. Ta ofishinsu da wurin aikinka ake bi, ba wanda zai sama maka gurbi don ka tura masa kuɗi a asusunsa.

Mu ukun mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun kuma rubuta wa ofishin EFCC na nan Sakkwato. Lauyan da na guje wa tun farko shi ke riƙe da maganar yanzu, bai ko yi min gori ba, wanda ya fi gorin ciwo. Ya ce dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, amma ɗauri ba ya dawo da zinarin maiɗakina. Babban wansu ya zo daga Kaduna, mutumin kirki, ya zauna a gabanmu yana share hawaye da bakin rawani. Ya canja makullan gidan, ya ce za su kai rabon kotu, abin da ya faɗo wa ƙanen nasa a tsare mana. Na zauna na buga lissafin da kaina: kason ɗa namiji guda a cikin 'ya'ya takwas, bayan an fitar da tumuni, ba zai kai rabin abin da ni kaɗai na bayar ba, kuma mu uku ne.

Na sabunta hayata a Mabera da ƙarin da mai gida ya yi. Ana ci gaba da cire bashin ƙungiya a albashina, saura wata 19.

Hoton da ke yawo yanzu, ga alamarsa: ƙofar ƙarfe mai ruwan toka, dogonyaro a hannun dama, an rubuta ciki uku da falo da rijiya, mai shi zai kai mahaifiyarsa asibiti waje. Gidan ba na sayarwa ba ne. In akwai wanda ya riga ya ba su wani abu, ko kafin alƙalami ne ko kuɗin gani, ya ɗauki takardarsa da shaidar tura kuɗin ya kai wa masu binciken. Lauya ya ce gara a san mu nawa ne kafin kotu ta zauna rabo bayan Sallah.