Koyon kiɗa da waƙa: gidan makaɗi, makaranta, situdiyo ko waya?

Tambaya ɗaya ce ke yawan fitowa daga iyaye da malaman da aka damƙa wa ƙungiyar al'adu ta makaranta: yaro ya nuna yana da kunne, bugun benci ya hana aji sakat, ko yarinya tana da muryar da in ta ɗaga kowa ke yin tsit, to ina za a kai su, kuma wa ya cancanci a ba shi kuɗi? Hanya huɗu ce a gabanka. Tun yanzu in faɗa maka, ni ina bayan gidan makaɗi. Abin da nake dubawa shi ne, bayan shekara biyu yaron nan zai iya tsayawa gaban yara biyar ya ja su su yi kiɗa tare, ko da an ɗauke wuta?

Waya ba ta da wani dogon bayani. Darussan YouTube kyauta ne in ban da kuɗin data, amma waya ba ta jin kuskuren yaro balle ta gyara masa.

Makaranta kuwa tana da mutuncinta. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, kuma a Legas akwai makarantar MUSON da ke Onikan, mai difloma ta shekara biyu wadda gidauniyar MTN ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibanta. A can ake koyon karanta rubutun kiɗa, da goge irin na Turawa, da jagorancin taron mawaƙa. A nan kusa, sassan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero suna taɓa kiɗa da rawa, sai dai wasan kwaikwayon ne uwa. Wanda burinsa ya zama malamin kiɗa da takarda a hannu, wannan ce hanyarsa. Matsalar ita ce sai an gama sakandare, ga nisa ga tsadar rayuwa, alhali kunnen yaro tun yana shekara goma yake son a fara tanƙwara shi.

Yanzu ga wadda nake so. A gidan makaɗin gargajiya ba a miƙa wa sabon yaro kalangu ranar da ya zo. Ɗaukar kaya zai fara yi, ya koyi inda ake rataye ganga don kada danshi ya sa fatar ta saki, ya ga yadda ake jan tsarkiya har sauti ya miƙe. Daga nan a ba shi ɗan kuntukuru, wato ƙaramar gangar da ke raka kalangu, bugu ɗaya tak, ya riƙe shi har a tashi daga wasa, ba gudu ba sanyi. Wannan aikin da ake gani kamar wulaƙanci shi ne tushen komai, domin wanda ya iya riƙe bugu ɗaya alhali manya na ta yin salo a gefensa ya koyi sauraro. Sai amshi. Ɗan amshi ba ya kallon ƙasa, bakin ubangidansa yake kallo, ya san daga numfashinsa inda ɗan waƙa zai ƙare, ya shigo daidai, kuma ya haɗiye muryarsa cikin ta 'yan uwansa. Sai ya jima a haka kafin a yarda ya matse kalangu a hammata ya sa shi magana.

Haka manya suka bi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi amshi a ƙarƙashin mahaifinsa, ya yi a ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. A Nijar ma, Malam Maman Barka yana sanannen mai gurmi, amma da ya so ya iya biram, kayan kiɗan Buduma na bakin Tafkin Chadi, sai ya je ya durƙusa gaban dattijo Bukar Tar ya koya daga hannunsa. Maman Barka kuma ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1989. Mutum ne da ya san aji, ya san alli, amma ya san akwai abin da sai an zauna kusa da mai shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne shugabanci. Yaron da ke cikin ƙungiya yana ganin yadda maigida ke yin ciniki da masu biki, yadda yake sasanta makaɗa biyu da suka ɓata a mota kafin a iso fili, yadda yake karanta taro ya canja waƙa in ya ga mutane sun fara hamma. Bayan an tashi, a zube kuɗi kan tabarma a ƙirga a gaban kowa, a ware na mota da na gyaran kaya, a ba kowa kasonsa gwargwadon matsayinsa, har ɗan ɗaukar kaya. Yaron da ya ga rabo na gaskiya tun yana ƙarami, ko shugaban ɗalibai aka ba shi ba zai rikice ba. Irin wannan horo ana samunsa kuma a wajen masu mandiri da sha'irai, da ƙungiyoyin mawaƙan coci da na zumuntar mata, inda ƙaramin yau shi ne mai bayar da waƙa gobe.

Akwai abin lura, ba na musu. Wasa na kaiwa dare, wasu gidajen kuma roƙo ya fi koyarwa yawa. Don haka uba ya je da kansa, da goronsa, a yi magana a fili: Asabar da Lahadi da lokacin hutu kawai, ba tafiyar kwana, ba a taɓa lokacin boko da na islamiyya. Yarinya kuwa a kai ta hannun mata masu kiɗan ƙwarya da aka san gidansu, kuma da 'yar rakiya. Ga malamai, shawarar da ta fi ita ce ku jawo makaɗin cikin makaranta sau ɗaya a mako, a biya shi haƙƙinsa kamar kowane malami, a naɗa ɗalibi ɗaya mai kula da kaya, ɗaya mai kiran suna, ɗaya mai jan amshi, a riƙa juya muƙaman kowane zango. Malamin da ke kula da su ya zauna cikinsu ya koya, kada ya tsaya bakin ƙofa da bulala.

Sai situdiyo, inda yawancin matasa ke rugawa, kuma inda kuɗin iyaye ya fi salwanta. Akwai ƙwararru na gaske a Kano da Kaduna da Jos, masu sarrafa fiyano da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, kuma yaron da ya riga ya samu tushe zai ƙaru da su ƙwarai. Amma masu amfani da sunan koyarwa suna cin kuɗi sun yi yawa. Ɗan yayata ya faɗa hannun irinsu. An karɓi kuɗin horo gaba ɗaya tun ranar farko, watanni suna ta wucewa, da na tambaye shi abin da ya koya sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, har yanzu ba a bar ni na taɓa kwamfutar ba, sai sayo mai na janareta da abinci." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne littafinsa na baitoci da aka karɓa wai za a duba, daga baya muka ji amshinsa a bakin wani. Ba takarda, ba shaida, ba abin da muka iya yi.

Saboda haka duk wanda zai kai yaro situdiyo ya riƙe waɗannan. Kada ka biya kuɗin wata shida a dunƙule, biya wata-wata. A rubuta ranakun darasi da sa'o'in da yaro zai zauna gaban na'ura shi da kansa. Ka ce a nuna maka tsofaffin ɗalibai biyu, ka je ka same su ba a gaban mai situdiyon ba. Baitocin yaro a ɗauki hotonsu da waya, ya rera su a naɗa kafin ya nuna wa kowa, domin dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare mai waƙa, amma kotu hujja take nema. In kuma aka sa shi gaban makirufo ranar farko, aka wanke muryar da na'ura, aka ce ya zama tauraro sai dai a kawo kuɗin bidiyo, to ciniki ake yi da kai.

Takardar shaida ma ana yin ta jabu. Jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, tana da mataki 1 zuwa 8, kuma hukumar ce ke tantance ɗalibi ta ba da sakamako. Malamin da ya koyar ba shi da ikon buga wannan takarda a shagonsa ya sa hannu. Duk wanda ya ce zai samo maka ta mataki na 5 cikin wata uku ba tare da jarrabawa ba, kwali zai sayar maka. Haka masu yawo a Facebook da WhatsApp da sunan gurbin karatun kiɗa kyauta a ƙasar waje, sai ka tura kuɗin fom a asusun wani mutum. Makarantar kirki tana sa ɗalibi ya yi kiɗa ko waƙa a saurare shi kafin ta ɗauke shi, kuma kuɗinta ba ya shiga asusun ɗaiɗaikun mutane.

Na ƙarshe shi ne fiyano, tunda ko wace hanya aka bi wata rana sai yaro ya ce a saya masa. Don koyo, ƙaramar Yamaha jerin PSR-E ko Casio mai maɓalli 61 ta isa, kuma tsohuwa ta asali ta fi sabuwa ta jabu nesa ba kusa ba. Jabun sun cika kasuwa, an manna musu suna, wani lokaci da harafi ɗaya a karkace. Juya ta ka duba lambar da ke ƙasanta, ka ga ko ta yi daidai da ta kwali. Ka nemi wadda in an danna a hankali sauti zai fito a hankali, in an danna da ƙarfi ya ɗaga, don da wannan yatsun yaro ke koyon ladabi. Bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, sannan ka danna da yawa lokaci guda ka ji ko wani sauti zai yanke. Duba abin jona wutar ma, domin da yawa ana musanya shi da na banza wanda ke ƙona na'ura. Ka tafi da wanda ya iya bugawa, a jona a gwada a gabanka, a rubuta lambar a kan rasit. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, mayar da kuɗinka aljihu ka leƙa shago na gaba.